Tsatsa a jikin duwatsun tarihi: yadda ake cire tabo ba a cinye dutse ba

Maƙeri ya san tsatsa, manomi ya san ta a bakin hauya, haka ma uwargidan da ta taɓa shanya farin zane bisa wayar ƙarfe da damina. Amma akwai wasu ma'aikata da tsatsa ke hana wa barci fiye da waɗannan duka, su ne masu gyaran tsofaffin gine-gine da sassaƙe-sassaƙen dutse. Daga tudun Akropol na ƙasar Girka har zuwa duwatsun Dabus a arewacin Agadas, ga labarin wani tabo mai taurin kai, da dabarar da masana suka samo ta fitar da shi da wani kwaɓi mai kama da kunun da ya kwana.

Gyaran da ya koma ɓarna

A tsakiyar Atina, babban birnin ƙasar Girka, akwai wani tudun dutse da ake kira Akropol. A bisansa aka gina Partenon tsakanin shekara ta 447 da ta 432 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), da farin dutsen da aka sassaƙo daga tsaunin Panteli, wajen kilomita 16 daga wurin. Ginin ya soma da zama ɗakin bautar gumaka, ya koma majami'ar Kirista, sa'an nan zamanin Turkawan Usmaniyya ya zama masallaci, har da hasumiyarsa. Cikin watan Satumba na shekara ta 1687 sojojin birnin Benis suka yi wa tudun ruwan igwa, wani harsashi ya faɗa kan albarushin da Turkawa suka ajiye a ciki, tsakiyar ginin ta tarwatse.

Maginan farko ba su sa laka tsakanin duwatsun ba. Sun goge su ne har suka zauna daram bisa juna, sa'an nan suka ɗaure kowane dutse da maƙwabcinsa da ƙugiyar ƙarfe. Sai a sassaƙa gurbi, a nutsa ƙugiyar ciki, a narka dalma a zuba har ta rufe ƙarfen ta kowane gefe. Dalmar nan takan hana ruwa da iska su taɓa ƙarfen, kuma da yake tana da taushi, takan rage ƙarfin jijjiga in ƙasa ta girgiza. Da wannan dabara ƙugiyoyi da yawa suka yi shekara fiye da 2000 ba su cuci dutsen ba.

Bayan wata girgizar ƙasa da aka yi a shekara ta 1894, gwamnatin Girka ta ɗora wa wani injiniya mai suna Nikolaos Balanos aikin tada abin da ya rushe. Tun daga 1898 har cikin shekarun 1930 yana wannan aiki: ya miƙar da ginshiƙan da suka faɗi, ya haɗa duwatsun da suka rabu, har ma kamannin da duniya ta san Akropol da su a hotuna galibi aikin hannunsa ne. An yaba masa ƙwarai a zamaninsa. Sai dai ya cusa ƙarfe mai yawa cikin duwatsun, ƙugiyoyi da sanduna da manyan gungume, wasu babu dalma ko kaɗan, wasu dalmar ba ta rufe su sosai ba, wasu kuma cikin siminti. Ruwan sama da iskar teku suka sami hanya. Ƙarfe kuwa in ya yi tsatsa kumbura yake yi, har ya ninka girmansa sau da yawa, kuma babu dutsen da ke iya riƙe wannan kumburi. Duwatsun da suka tsira daga igwa suka shiga tsagewa daga ciki, gutsattsari suna faɗowa, jajayen zirin tabo suna gangarowa bisa farin bango.

A shekara ta 1975 gwamnati ta kafa kwamiti na musamman domin ceton Akropol. Tsakanin 1979 da 1987 aka kwance ginin Erekteyon, maƙwabcin Partenon, dutse bayan dutse, aka zaro ƙarafan Balanos, aka mayar da kowane dutse mazauninsa. A madadin ƙarfe aka sa titaniyom, wani ma'adini da ba ya tsatsa, wanda likitoci ke ɗaure karyayyen ƙashi da shi. Haka aka bi sauran gine-ginen tudun, aikin da ya ci shekara fiye da 40. To amma zare ƙarfe rabin aiki ne, domin ko an cire ƙaya, tabon da ta bari yana nan a jikin dutse.

Marmara iri biyu

Kafin a ci gaba ya kamata a warware wata kalma. Marmara a bakin Bahaushe ita ce jan dutsen nan mai ramuka da mahaƙa rijiya ke tararwa, wanda kuma ake zubawa bisa hanya kafin a sa kwalta. Jan da ke gare ta tsatsa ce ta halitta, domin dutsen cike yake da ƙarfe. Marmarar da ake magana a kanta nan dabam take. Ita fara ce, asalinta dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a Malbaza ana yin siminti, wanda zafi da nauyin ƙasa suka gasa shekaru aru-aru har ya yi tauri da sheƙi. Sinadarin da ya yi ta shi ne ya yi ɓawon ƙwai da kwanson katantanwa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin a kansa dukan wahalar aikin ta rataya.

Ta hanya uku tsatsa ke kama irin wannan dutse. Ta farko, ƙarfen da magina suka binne a ciki, kuma wannan tsohuwar al'ada ce: bayan gobarar da ta ci majami'ar Notre-Dame ta Paris ranar 15 ga Afrilu 2019, masu bincike sun tarar da ƙugiyoyin ƙarfe masu yawa cikin bangonta, wasu tun wajen shekara ta 1160. Ta biyu, ƙarfen da ke waje: ƙusa, sandunan taga, kwanon rufi, bututun ruwa, ko ruwan rijiyar da ke ɗauke da ƙarfe in ana yawan zuba shi a wuri guda. Ta uku, daga jikin dutsen kansa, domin wasu marmara, har da ta Karara a Italiya wadda ta fi kowace suna, suna da ƙananan ƙwayoyin wani ma'adinin ƙarfe mai ƙyallin zinariya. In danshi ya daɗe a jikinsu sai su fito da tabo rawaya.

Dutse a ido kamar toshe yake, alhali cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Wanda ya taɓa tsoma gefen ƙwayar sukari cikin shayi ya ga yadda ruwan ke hawa da kansa har ya rina ta duka. Haka ruwa ke shiga dutse. Ruwan da ya bi ta kan ƙarfe yakan ɗauko wani abu daga jikinsa a narke, ya shiga da shi cikin kafofin. Can iska ta same shi, ya koma tsatsa, ya kafe. Daga nan ruwa ba ya sake narkar da shi, ko da za a kwana ana zubawa. Shi ya sa sabulu da soso ba su yi wa tabon tsatsa kome: tabon yana ƙarƙashin fatar dutsen, inda soso ba ya kaiwa.

Garin gyaran gira

Abin da kowa ya sani yana cin tsatsa shi ne abu mai tsami. Matan gida suna cire ta daga tufafi da lemun tsami da gishiri, magina kuma suna wanke daɓen tayil da asid. Amma a ɗiga lemun tsami bisa ɓawon ƙwai a ga abin da zai faru: kumfa za ta taso, ɓawon ya soma narkewa. Haka asid ke yi wa farar marmara da dutsen farar ƙasa, kuma yana cin dutsen da sauri fiye da yadda yake cin tsatsar. Tabon ya ragu, sheƙin ya tafi, wurin ya yi kaushi, zanen da masassaƙi ya yi ya dushe. Wasu magungunan tsatsa na kasuwa ma suna ɗauke da wani asid mai cin yashi da gilashi, wanda in ya taɓa hannu yakan ratsa fata ya kai ga ƙashi.

Ruwan jabel kuwa, wanda ake gudu gare shi duk lokacin da aka ga tabo a farin abu, ƙara wa tsatsa ƙarfi yake yi. Aikinsa iri ɗaya ne da na iska, wato shi ma mayar da ƙarfe tsatsa yake, don haka tabon kan ƙara duhu ya ƙara kama wuri. Buroshin waya shi ma yakan bar ƴan gutsattsarin ƙarfe cikin kafofin dutse, damina ɗaya su zama sababbin ɗigon tsatsa.

Ko manyan gidajen tarihi sun taɓa faɗawa wannan rami. Sassaƙe-sassaƙen Partenon da Lord Elgin ya kwashe zuwa Ingila a farkon ƙarni na 19 suna gidan tarihi na British Museum a Landan. A shekarun 1937 da 1938, domin a faranta wa attajirin da ya biya kuɗin gina musu zaure, wanda yake son ya gan su fari fat, ma'aikata suka kankare wasunsu da kayan aiki na jan ƙarfe da dutsen wasa. Tare da dauɗa suka kankare launin zuma da shekaru suka shafa wa dutsen, har da sawun kayan aikin masassaƙan farko a wasu wurare. An rufe maganar a lokacin, ta sake tasowa da ƙarfi a 1998 da 1999, kuma Girkawa sun sa ta cikin hujjojinsu na neman a mayar musu da kayansu. Garin neman gira an rasa ido, kuma irin wannan ido ba ya komowa: dauɗar da aka bari bana ana iya wanke ta baɗi, amma fatar dutsen da aka kankare ta tafi ke nan.

Kunun da ke shan tsatsa

Matsalar da ke gaban masu gyara ke nan: suna bukatar magani mai narkar da tsatsa wanda ba ya narkar da dutse, suna kuma bukatar hanyar da za a tsayar da maganin daidai kan tabon. In an zuba shi tsararo, bango a tsaye yake, sai ya gangare. Wanda bai gangare ba dutse ya shanye shi, ya shiga da narkakkiyar tsatsar can ciki, tabo mai faɗin tafin hannu ya koma mai faɗin faifai.

Tsohuwar dabara ita ce liƙi: a kwaɓa yumɓu mai laushi ko dakakkiyar takarda da ruwan magani, a manna a wurin, a bar shi ya bushe. Yayin da yake bushewa sai ya tsotso ruwan da ya shiga dutsen tare da dauɗar da ya narkar. Da irin wannan liƙi na yumɓu hukumomin Indiya suka sha wanke farar marmarar Taj Mahal tun daga shekara ta 1994. Aibinsa shi ne yana sakin ruwa da yawa, ba a ganin abin da ke faruwa ƙarƙashinsa, kuma yakan bar ƙura cikin kafofi.

Cikin shekarun 1980 wani masani ɗan Amurka mai suna Richard Wolbers, na jami'ar Delaware, ya fito da dabarar ɗaure ruwan wanki cikin wani abu mai kauri da Turawa ke kira jel, domin tsabtace tsofaffin zane-zanen fenti. Daga baya masana a Italiya, musamman Paolo Cremonesi, suka yaɗa ta, har ta kai ga masu aikin dutse. Jel abu ne tsakanin ruwa da tuwo. Wanda ya ga kunun da ya kwana ya kafe a ƙwarya, ana iya yanka shi da cokali alhali kusan dukansa ruwa ne, ya gane shi.

Wanda ya fi shahara shi ne agar, wani farin gari da ake samu daga jar ciyawar teku. Mutanen Japan sun daɗe suna cin sa, kuma tun shekara ta 1882 ɗakunan awo na asibiti ke renon ƙwayoyin cuta a kansa. Ana zuba giram 3 ko 4 cikin ruwa mai nauyin giram 100, a dafa har ya kusa tafasa. In ya huce ya sauko ƙasa da digiri 40 sai ya kafe. Mai gyara yana iya yanka shi falle-falle ya ɗora bisa shimfiɗaɗɗen wuri, ko ya shafa shi da buroshi tun yana da ɗumi, ya bi kowane lungu na sassaƙar ya kafe a can. Jel ɗin yana sakin ruwan maganin kaɗan-kaɗan, daidai fatar dutsen, sa'an nan ya tsotse abin da ya narke kamar soso. In lokaci ya yi sai a ɓare shi ɗungum kamar fatar da maciji ya saɓa, ba ya barin kome a baya. Da yake haske na ratsa shi, ana ganin launinsa yana sauyawa yayin da yake shan tsatsar. An gwada agar bisa sassaƙe-sassaƙen marmara na babbar majami'ar Milan, aka bayyana sakamakon a shekara ta 2014. Akwai wasu masu kaurara ruwan ban da shi, kamar laponit, wani yumɓu na masana'anta da ke zama jel garai-garai in an jiƙa shi.

Mai kwancewa da mai damƙewa

Jel dai abin ɗauka ne. Aikin yana ga maganin da aka zuba ciki. Masana kimiyya suna da ma'aunin tsami da suke kira pH, daga 0 zuwa 14. Lemun tsami yana wajen 2, tsabtataccen ruwa yana 7, ruwan kanwa yana sama da haka. Marmara ba ta jure abin da ya yi ƙasa da 7, don haka ake riƙe maganin tsakanin 7 da 9. A nan kuwa tsatsa ba ta narkewa sai an haɗa mata ma'aikata biyu.

Na farko shi ne mai kwancewa. Tsatsa ƙarfe ne da ya sha iska ya ƙoshi. In an rage masa wannan ƙoshi sai ya koma halin da ruwa ke iya ɗaukarsa. Sinadarin da ya fi yin wannan aiki sunansa ditiyonit, ko idrosulfit, kuma marina sun san shi sarai: shi ne farin garin nan mai wari da masu rinin shadda ke zubawa tare da soda domin baba ya narke ya kama zane. Na biyu shi ne mai damƙewa, wanda ke kama ƙarfen da aka kwance kamar yadda awartaki ke kama jan ƙarfe a maƙera, ya riƙe shi cikin ruwan kada iska ta sake mayar da shi tsatsa kafin jel ya tsotse shi. An daɗe ana amfani da gishirin sitrat, ɗan'uwan tsamin lemu wanda aka kashe wa tsami. Akwai kuma wani mai ƙarfi da ake kira EDTA, sai dai shi bai cika bambanta ƙarfe da sinadarin marmara ba, yakan damƙi duka biyu in ba a yi hattara ba.

Wani magani mai suna tiyoglikolat yana yin aikin biyu shi kaɗai. Da ya taɓa tsatsa sai ya rikiɗe ya zama shuɗi-ja kamar ruwan zoɓo mai duhu, alamar ya kama ƙarfe. Yana cikin magungunan tsatsa da yawa da ake sayar wa masu aikin dutse. Amma warinsa ba ya shaƙuwa, yana cutar da fata, kuma in ba a ɗauraye shi da kyau ba yakan bar nasa tabon.

A shekara ta 2016 wasu masu bincike na birnin Kopanhag a ƙasar Danmak suka bayyana wani haɗi mai sauƙin haɗari: ditiyonit tare da sistayin cikin liƙin laponit. Sistayin sinadari ne da ke cikin gashi da ƙaho da gashin tsuntsu, jikin ɗan Adam ma yana da shi. Sun gwada haɗin bisa marmara mai tabon tsatsa, suka nuna yana fitar da tabon da kyau. Wasu masana kuma sun juya ga kantin magani. Masu ciwon amosanin jini da aka yi wa ƙarin jini sau da yawa, ƙarfe kan taru a jikinsu, likita ya ba su wani magani mai suna deferoksamin domin ya fitar da shi. Wata ƙwayar halitta da ke zaune cikin ƙasa ce ke yin wannan sinadari don ta ciro ƙarfen da take bukata, kuma yana zaɓen ƙarfe ya bar sauran ma'adinai. An gwada shi wajen cire tabon tsatsa daga tsohon katako da tufafin tarihi, har da zuba shi cikin jel.

Aikin haƙuri

Mai gyara na ƙwarai ba ya soma aiki da magani. Yakan fara neman inda tsatsar ke fitowa, ya cire ƙarfen ko ya toshe hanyar ruwa, domin in tushen yana nan tabon zai komo da damina. Sa'an nan ya tabbatar da irin dutsen, tunda maganin da dutsen yashi ko ƙanƙarar dutse irin na Damagaram ke jurewa yana iya cinye marmara. Sai ya ɗauki hoto, ya zaɓi wani ɗan wuri a ɓoye, kamar faɗin kan sarki na wasiƙa, ya gwada.

In gwajin ya yi kyau sai ya shafa jel bisa tabon, ya rufe da leda domin kada ya bushe da wuri, kuma domin iska na kashe ditiyonit. Yakan bar shi daga ƴan mintoci zuwa kwana guda, gwargwadon maganin, ya ɓare da tsinken katako. Bayan haka sai ɗauraya, wadda ta fi kome muhimmanci: a ɗora sabon jel na tataccen ruwa zalla, irin wanda ake zuba wa batirin mota, sau da yawa, ana awon ruwan har a ga babu sauran gishiri. Gishirin da aka bari cikin kafofi yakan kafe ya kumbura, ya riƙa marmashe fatar dutsen shekara da shekaru. Duk wannan da safar hannu da tabarau da takunkumi, a wuri mai iska, domin ditiyonit yana fitar da hayaƙi mai shaƙe numfashi, kuma garinsa yana iya kamawa da wuta in ya jiƙa a ma'aji.

Dabarar tana da iyaka. Jel yana aiki ne a ƴan milimita na saman dutse. Tsatsar da ta nutse zurfin yatsa ba ta fita duka, kuma wani lokaci bayan watanni danshi kan sake turo ta waje. Akan maimaita aikin sau biyar, sau goma, kowane karo tabon yana ɗan dushewa. Sanin lokacin tsayawa yana cikin gwanintar. In aka ga dutsen ya soma rasa sheƙi, akan bar sauran tabon yadda yake, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Tsatsar da ba a taɓawa

Galibin gadon gine-gine na ƙasar Nijar na ƙasa ne: masallacin Agadas da hasumiyarsa mai tsawon mita 27, wanda UNESCO ta sa tare da tsohon garin cikin gadon duniya a shekara ta 2013, da gidajen Birni masu zane a Damagaram. Gadon dutse kuwa yana arewa, cikin Abzin da Jado, inda mutanen da suka zana dubban dabbobi da mutane bisa duwatsu tun zamanin da hamada take da ciyawa da tafkuna. Wanda ya fi suna shi ne zanen raƙuman dawa biyu na Dabus, wajen kilomita 110 arewa da Agadas, wanda masanin tarihi ɗan Faransa Christian Dupuy ya sanar wa duniya a 1987. Babban ya haura mita 5, kuma ana ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6000 da 8000. A 1999 aka ɗauki siffarsa da roba, aka zuba kwafinsa da sanholo.

A nan maganar tsatsa ta juya. Duwatsun hamada suna da wata baƙar fata mai sheƙi da ta lulluɓe su, wadda ta haɗu daga ƙurar yumɓu da tsatsar ƙarfe da ta wani ma'adini mai suna manganiz. Tana taruwa sannu ƙwarai, abin da ke taruwa cikin shekara 1000 bai kai kaurin silin gashi ba. Masu zanen da sun sassaƙe wannan fata ne har hasken dutsen ya fito, sa'an nan zamani ya sake rufe sawun a hankali. Da duhun wannan rufi masana ke gane wane zane ya girmi wane, kuma yana taimakawa wajen kare dutsen yashin da ke ƙarƙashi daga iska da rairayi. Magungunan da aka lissafa a sama, ditiyonit da ƴan'uwansa, ba su san bambancin tsatsar ƙusa da wannan ba. Abin da ke warkar da marmarar Atina, in aka shafa shi a Dabus, zai shafe shaidar shekara dubbai cikin yini guda. Ko launin zuma na Partenon, wanda baƙi ke ƙetare teku don su gani, akwai hannun ɗan ƙarfen da ke jikin dutsen Panteli a cikinsa, kuma babu mai gyaran da ke neman cire shi.

Doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yuni 1997 ta ɗora wa hukuma kare gadon al'adu na ƙasa. Makarantar Gadon Afirka da aka buɗe a Porto-Novo ta ƙasar Benin a 1998 an kafa ta ne domin horar da ma'aikatan gidajen tarihi na ƙasashen wannan yanki. Abin da ake bukata shi ne a sami ƴan ƙasa da suka ƙware a aikin dutse, kuma kada a bar wani ya taɓa zanen dutse ko allon tarihi da magani, ko da da kyakkyawar niyya, sai da izinin masana. Ga magina da masu kula da masallatai da manyan gine-ginen da aka yi wa ado da farar marmara kuwa, darasin Akropol a sarari yake: a raba ƙarfe da dutse tun ranar gini, a sa ƙarfen da ba ya tsatsa inda ya zama dole, a gyara indararo kafin damina, a kuma nisanta asid da jabel daga wurin. Kuɗin wannan rigakafi bai kai kuɗin kwance gini dutse bayan dutse ba, kamar yadda Girkawa suka biya tun daga 1975.